Wat Dubu Biyar a Jikin Kwali

Kwali ne ya tayar mini da wannan magana. Autana ne ya shigo da shi wata Asabar da hantsi, yana riƙe da shi da hannu ɗaya kamar wanda ya sayo burodi. Malamin makaranta ne a Rigachikun, da matarsa da 'ya'yansa biyu, ba yaro ba ne da zan ce bai san abin da yake yi ba. Ya ajiye kwalin a tsakar gida yana murmushi, ya ce, "Baba, ga amfilifaya na sayo muku, ku daina damuwa." Na sa tabarau na duba. An rubuta ƙarfinta wat dubu biyar da jan fenti, kowane baƙi ya kai tafin hannuna, ga hoton walƙiya, ga hoton wani ƙato yana toshe kunne. Na buɗe na ciro abin ƙara sautin. Wallahi kofin silbar da nake shan ruwa da shi ya kusa fin shi nauyi. Na juya bayansa, inda ake rubuta gaskiya da ƙananan baƙaƙe, na ga wutar da yake sha daga bango ba ta kai ta ƙwan fitila biyu irin na da ba. Na ce da shi, abin da bai sha ɗari ba, ta ina zai amayar da dubu biyar? Ya ce, "Ai haka ake rubutawa yanzu, Baba. Kowa ya san ba gaskiya ba ne." Wannan amsar ta fi kwalin ƙona mini rai. Kowa ya sani, kuma ana bugawa, ana sayarwa, ana saye, babu mai jin kunya.

Ba don kiɗa nake neman amfilifaya ba, na wuce wurin tuntuni. Don Hajiya ce, mai ɗakina. Ciwon suga ya cinye mata ido, yanzu sai dai ta bambanta rana da inuwa, kunnenta ma ya fara nauyi. Abin da ya rage mata na duniya shi ne rediyo. Muna da sifika biyu manya a falo, ni na ƙera akwatunansu da hannuna tun ina matashin kafinta, kujerarta tana tsakaninsu. Daga an idar da sallar asuba take zama a nan, ta ji labarai, ta ji karatu, ta ji shirin gaishe-gaishe, ta ji sanarwar rasuwa, tana amsa wa mai magana kamar yana gabanta, wani lokaci har ta yi masa faɗa. Da tsohuwar amfilifayarmu ta mutu, jikoki suka kawo mata waya suka kara mata a kunne. Ta ture ta ce ita sauro take ji a cikin gwangwani. Wata biyu kenan tana zaune a kujerar nan shiru, hannu a cinya, tana tambayata ƙarfe nawa sau goma kafin azahar. Ƙawarta ta ƙuruciya ta rasu a Rigasa, an yi sanarwa, ba ta ji ba sai ranar uku. Matar da ta yi shekara arba'in tana musu da ni a kan komai, yanzu in na ce sama ƙasa ce sai ta ce to. Wannan "to" ɗin ne yake hana ni sukuni.

Lokacin da na kafa rumfata a Kurmin Mashi, sauti abu ne mai tsada, shi ya sa ake girmama shi. Akwai gonaki a tsakanin gidaje, kana jin kukan jirgin ƙasa daga nesa ka san rana ta kusa faɗuwa. Ladan da maƙogwaronsa yake kiran salla, kuma ana ji. Ranar Lahadi ƙararrawar coci ta buga, ta yi shiru, shi kenan. Da safe sai sautin taɓare daga kowane gida, da zartona, da kukan tsuntsayen da ke kan mangwaron bayan rumfa. Gida guda rediyo guda, a kan tebur, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado kamar amarya. In batir ya yi sanyi mu jera shi a rana. Mu hau bishiya mu ɗaura wayar eriya, na ƙasa yana ihu, "Ya kama! A'a, ya tafi! Koma inda kake!" Kaset in ya harɗe mu zauna mu warware shi da biro a hankali, in ya tsinke mu liƙa shi da ruwan ƙaro. Duk Juma'a na goge kan rikoda da auduga. In za a fara labarai, uban gida ya ɗaga hannu, ko akuya sai ta yi shiru. Yanzu fa? Ka fita bakin titi ka ji. Mai sayar da maganin basir da sifikarsa a kan baro, mai cajin waya da tasa, mai wanke mota da tasa, masallaci da coci kowa ya ƙure maɓalli yana neman danne ɗan'uwansa. Kuma duk sautin a fashe yake, yana karkarwa kamar ana jan kwano a kan siminti. Abin da ya fi ba ni haushi, babu wanda ya san a fashe yake. An haifi mutane sun girma sun yi aure ba su taɓa jin muryar mutum ta fito daga akwati yadda Allah ya halicce ta ba.

Rumfata bango ɗaya ta haɗa da ta wani mai gyaran rediyo, bangon ma na kwano. Dattijo ne daga kudancin Kaduna, Kirista, ya girme ni da kusan shekara ashirin, kowa Baban Ladi yake ce masa. Ni kuma bai taɓa kiran sunana ba, Kafinta kawai. Warin dalmarsa yana shigowa wurina, garin katakona yana shiga wurinsa yana yi mini faɗa, da rana kuma mu haɗu a kan kwanon faten acca da matarsa take aiko mana. Mutum ne marar yawan magana, amma in aka zo kan sauti sai ka gaji. Shi ya nuna mini cewa akwatin sifika ba akwatin kaya ba ne, yana da awo, yana son katako mai kauri, yana son a toshe duk wata kafa. In mutum ya kawo masa amfilifaya yana yabonta, ba ya kallon fuskarta. Ya ɗaga ta tukuna ya ji nauyi, ya juya bayanta ya karanta, ya kunna ba tare da kiɗa ba ya kara kunne a sifika ya ji ko tana gurnani. Sannan ya sa muryar mutum, ƙasa-ƙasa. Yakan ce duk wani tarkace yana iya ihu, amma wadda za ta yi magana a hankali ka ji kowane harafi ita ce amfilifaya. Na ji wannan magana ta fi sau ɗari ta cikin bangon kwano. Ji kawai na yi.

Da Hajiya ta samu cikinmu na fari, na ƙudura cewa ranar suna sai an san an yi haihuwa a gidan kafinta. Na tara ragowar madaci daga aikin mutane na ƙera akwatunan nan biyu, Baban Ladi ya samo mini sifikokin cikin ya ɗaura. Saura amfilifaya. Ya ce in ba shi wata ɗaya zai haɗa mini da hannunsa daidai da ƙarfin aljihuna, ƙarama, wadda ta dace da sifikokin. Sai haihuwa ta riga lissafinmu, aka samu 'ya mace, suna saura kwana bakwai. Na ce masa ba zan iya jira ba. Ya ce in ari tasa ta shago. Na kalli tasa, baƙa ce, mummuna, gefenta a lotse, na ce a raina wannan ba za ta shiga ɗakin da dangin matata za su cika ba. Ban gaya masa ba, na hau keke na shiga gari. A wani shago na ga wata mai fuskar azurfa, da allura biyu masu rawa, da fitilu kore da ja suna bin juna. Mai shagon ya ce daga ƙasar waje ta zo jiya, ya rantse, ya ce da ita zan tashi unguwa guda. Kuɗinta ma bai kai abin da na zata ba, wannan ya kamata ya tsorata ni, sai ya faranta mini rai. Na ɗaure ta a bayan keke na biyo ta wata hanya don kada in wuce ta gaban rumfar Baban Ladi.

Ranar suna aka raɗa suna da safe, aka yanka rago. Bayan azahar mata suka cika gida, mu maza muna ƙofar gida a kan tabarmi, Baban Ladi yana cikinmu da farar rigarsa ta zuwa coci. Na ajiye amfilifayar a kan tebur a ɗakin mai jego, kusa da taga, don a nan kaɗai muke da soket, na ja waya zuwa sifikokin a tsakar gida. Na sa kaset, mata suka yi guɗa. Wata gwaggon Hajiya ta ce a ƙara, ba a ji. Na ƙara. Aka ce a ƙara, na murɗa har ƙarshe, na fito ina tafiya kamar wanda ya gina gari. Na ga Baban Ladi ya karkata kai yana saurare, ya dube ni ya ce, "Kafinta, wace ce wannan take kuka haka?" Na ce sabuwa ce. Ya ce, "Rage ta." Na ce to, ban rage ba. Ba a fi rabin awa ba muna cikin hira sai na ga ya ɗaga hanci. Babu wanda ya ji warin komai, ga hayaƙin girki, ga turare, ga nama. Shi hancinsa ya san warin. Ya miƙe ya faɗa cikin gidan babu sallama, ya ratsa tsakiyar mata yana ture su, takalminsa ɗaya ya fita. Kafin in isa ƙofar ɗakin ya riga ya shiga. Labulen taga yana ci da wuta, harshen ya kai rufi, jaririyar tana kwance a kan gado ƙasa da taku biyu daga wurin, Hajiya ta fita bayan gida, tsohuwar da aka bar wa tsaronta ta tafi kallon rawa. Ya fizge waya daga bango, ya sunkuci amfilifayar da hannu tana narkewa ya jefo ta tsakar gida, ya tsinko labulen ya tattake. Sannan ya ɗauki yarinyar da hannun hagu ya miƙa wa uwarta da ta shigo tana ihu. Sai a lokacin na ga hannun damansa. Robar ta narke ta manne a tafin.

Yatsunsa biyu ba su ƙara miƙewa ba har ya bar duniya. Mai gyaran rediyo, hannun dama. Na yi kwana huɗu ban iya zuwa asibiti ba don kunya, sai da mahaifina ya ce in ban je ba kada in ƙara shiga gidansa. Na same shi a zaune a bakin gado, hannu a naɗe, matarsa tana ba shi kunu. Ita ko kallona ba ta yi ba, kuma tana da gaskiya. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Yaya yarinyar?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "Kafinta, ka ɗaga ta kafin ka saya?" Na ce ban ɗaga ba. "Ka duba bayanta?" Na ce a'a. "Ka saurare ta?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ka duba?" Na ce fitilun. Ya yi dariya har kunun ya sarƙe shi, ni kuwa kuka nake yi, ƙato da ni, a gaban mutane. Da ya lafa ya ce, "In an sallame ni ka zo shago. Hannunka nake so." Daga asibitin na wuce wurin mai shagon da ragowar abin a buhu. Ya leƙa ya ce wutar gidana ce ba ta da kyau, kuma shi bai san ni ba. Sai da mutum uku suka riƙe ni.

Haka muka haɗa amfilifayar da ta zauna a gidan nan fiye da shekara talatin. Shi ke faɗa, ni ke yi. Na naɗa wayar jan ƙarfe a taransifoman cikinta zagaye bayan zagaye yana ƙirgawa, in na yi kuskure ɗaya ya sa in warware duka. Na riƙe ƙarfen dalma yana riƙe da wuyan hannuna da hagunsa. Muka yi mata gida da farantin ƙarfe daga kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka, na yi mata gefe da madaci. Ba fitila ko ɗaya sai wata 'yar ja da ke nuna an kunna. Ya ce wat talatin ce kowane gefe, ba ƙari, kuma ko rabin hakan ba zan taɓa buƙata a cikin ɗaki ba. Da ƙyar mutum ɗaya yake ɗaga ta. A gabanta duk 'ya'yana suka girma. Daga baya rikici ya raba garin nan, Musulmi da Kirista kowa ya tattara ya bi nasa, su Baban Ladi suka ƙetare kogi. Ni na kwance masa teburin aikinsa na ɗora a mota, muna cewa ai ba nisa, gada ce kawai. Na je sau uku a shekarar farko, sau ɗaya a ta biyu. Rasuwarsa a bakin wani direba na ji, bayan an yi wata da binne shi. Ba ni da wanda zan ɗora wa wannan sai kaina, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

A daminar bana wuta ta zo da ƙarfi da tsakar rana, ta kashe firij ɗin maƙwabta, ta kashe tamu amfilifayar. Na san ba babban abu ba ne, na ji inda warin ya fito. Idona ne ba ya ganin ƙananan waya yanzu, hannuna kuma yana rawa. Na kai ta wurin masu gyara biyu, kowanne ya leƙa ya ce babu kayanta a kasuwa, in sayi sabuwa. Su gyara a wurinsu shi ne a cire allon da na'urorin ciki ke manne a kai a sa wani allo, in babu allon an gama. Na uku ya karɓa da fara'a, ya ce in dawo bayan sati. Na koma ya ce sati mai zuwa. A zuwa na huɗu ya turo mini ita da ƙafa daga ƙarƙashin tebur ya ce ba ta gyaruwa. Na sunkuya na tattara ƙarfina zan ɗaga, sai ta taso kamar kwando. Na tsaya. Na ce ya ba ni sukundireba, ya ce ba shi da shi, a shagon gyara. Na aro a maƙwabta na kwance a gabansa. Babu taransifoma. Ya cire ya sayar wa masu auna jan ƙarfe a sikeli. Wayar da na naɗa da hannuna, dattijon nan yana ƙirgawa da ƙonannen hannu, an yanka ta an auna kamar gyaɗa. Ya ce wai haka na kawo ta. Na zage shi zagin da ban san ina da shi a bakina ba, mutane suka taru suna cewa Baba a yi haƙuri, abin ai tsohon ƙarfe ne. Na rungumo kwangon na hau keke napep, ban san lokacin da muka iso gida ba.

To a kan wannan ciwon ne Auta ya ajiye mini wat dubu biyar. Na ce ba za a jona shi da sifikokina ba. Ya ce a gwada kawai. Na ce in ya taɓa wayar nan sai na saɓa masa. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Baba, abin da zan iya kenan. Ku kuna son irin na da, na da ya wuce, kuma ko akwai ba mu da kuɗinsa. Ita Mama tana zaune shiru ku kuna faɗa da kwali." Na ɗaga murya, ya ɗaga. Daga falo Hajiya ta ce, "Malam, a bar shi. Na saba." Na shiga na kwance sifika ɗaya, na ce ya kama mini. Ya ce ina za mu? Na ce Panteka, kuma ya ɗauko kwalinsa. Muka cusa akwatin a keke napep, ni a gefe ina rungume da shi, shi a gaba kusa da direba.

Sai da muka yi tambaya wuri uku aka nuna mana wani Bazazzagi mai furfura a gemu, wanda ke gyara wa masallatai da coci-coci kayan sauti. Ya ga mun sauke akwati ya taso ya shafa madacin, ya ƙwanƙwasa gefe da yatsa, ya ce, "Wa ya ƙera wannan?" Na ce ni. Ya ba ni kujerarsa. Na gaya masa abin da ke aljihuna ba tare da ɓoye-ɓoye ba, na ce murya nake so, ba ihu ba, don matata ce mai nauyin kunne. Idona ya faɗa kan wata babba a kan kanta, mai sheƙi, na taso na ɗaga. Nauyi sosai. Na ce wannan. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ku na da kuna ɗagawa, ko?" Ya kwance murfin, dama ba a ɗaure yake ba, ya juyo mini cikin. Allo ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, a gefensa kuma an liƙa guntun siminti da gam, an shafa masa baƙin fenti. Ya ce, "Wani liman ne ya kawo. Sun san da irinku, shi ya sa suke sa wannan." Na daɗe ina kallon simintin nan. Wato wani ya zauna a wata ƙasa, ya yi tunanin tsoho irina da abin da aka koya masa, ya kwaɓa siminti domina. Ko ɓarawon taransifoma bai ba ni haushi kamar wannan ba.

Ya buɗe na Auta ma, ya nuna masa, ya ce wannan in aka ƙure ta sai ta ƙona ƙaramar sifikar da ke sama, ya mayar wa mai ita tun da sauran rana. Sannan ya fito da guda biyu. Ɗaya tsohuwa ta hannu, ta gaske, mai nauyin gaske, kuɗinta ya fi ƙarfina amma na fara tunanin abin da zan sayar. Ɗaya kuma 'yar ƙarama baƙa, ba ta fi littafi ba, ba hoto ba fitila. Na ce ya ɗauke wannan daga gabana. Ya ce, "Baba, juya mini baya." Na ce ni zai yi wa wasa? Ya ce, "Kunnenku za ku kai gida ko idonku?" Na juya kujerar na fuskanci titi. Ya jona ɗaya babu komai a ciki, na ji gurnani siriri a ƙasa. Ya jona ɗaya, shiru kamar ba a kunna ba. Ya kama tasha, wata mata tana bayani a kan rigakafin yara, ya rage ƙasa-ƙasa, ya yi ta sauya waya, sau uku, sau huɗu, ga masu walda suna ta buge-buge a maƙwabta. Na ce ya tsaya. Na ce wannan, wadda nake jin numfashin matar kafin ta fara magana. Na juyo. 'Yar ƙaramar ce.

Na ce an yi mini dabara, a sake. Aka sake, na sake zaɓarta. Na juya bayanta na karanta, wat arba'in kowane gefe, kuma wutar da take sha ta yi daidai da hakan. Mutumin ya ce na yanzu ba sa buƙatar ƙaton taransifoma, akwai na kirki a cikinsu, sai dai ba su ne a gaban shago ba, don ba su da abin da za su rubuta da jan fenti. Ya ce in haɗa da abin da zai tare wuta in ta zo da ƙarfi, kada in murɗa ta wuce rabi. Kuɗina ya isa har da na mota. Ya kamata in yi murna, amma ban yi ba. Shekara talatin da wani abu ina gaya wa duk wanda ya tambaye ni ya ɗaga ya ji nauyi, ina faɗa da ƙarfin zuciya don na san abin da aka biya kafin in koya, yau ga shi a gaban ɗana abin ya tashi a banza. Auta bai yi mini gori ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ɗauki akwatin shi kaɗai ya kai bakin titi.

La'asar ta yi muka iso. Na jona wayoyin da kaina, Auta yana haska mini da waya yana karanta mini ja da baƙi. Hajiya tana kujerarta ba ta tambayi abin da muke yi ba. Na kunna, na kama tashar da ta saba, na murɗa kaɗan, ko kwata ban kai ba. Ana cikin labaran yamma. Ta ɗago kai a hankali, ta karkata shi gefen dama, ta daɗe a haka. Mai karatun ya gama labari ɗaya ya shiga na biyu. Ni da Auta muna tsaye kamar masu jiran hukunci.

Ta ce, "Malam."

Na ce, "Na'am. A ƙara?"

Ta ce, "A'a. Wannan yaron mura yake yi. Ji hancinsa. Wace irin mata gare shi da za ta bar shi ya fito aiki a haka?"

Na ce mai yiwuwa ba shi da aure. Ta ce yana da shi, ita ta ji lokacin da aka yi masa barka a shirin gaishe-gaishe, ni ne ba na riƙe komai a kaina, kuma in matsa daga gaban sifikar ina tare mata magana.

Na matsa.